Isar da Saƙon Gaggawa ta Rediyon 'Yan Sha'awa: Misali Daga Hanyar Paraku Zuwa Jugu

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana na cewa zuwa da kai ya fi aike. Sai dai akwai ranar da zuwa da kai ba ya yiwuwa: ruwa ya cinye hanya, wuta ta ɗauke, wayar salula ta yi shiru, ga marasa lafiya kwance suna jiran magani daga wani gari. A irin wannan rana dole a koma ga aike, kuma rayukan mutane sukan rataya a kan abu ɗaya, wato ko ɗan aiken zai faɗi daidai abin da aka faɗa masa.

Wannan takarda ta dubi yadda masu rediyon sha'awa ke karɓar saƙo, su miƙa shi, su isar da shi a lokacin bala'i. An ɗauki hanyar da ta haɗa garuruwan Paraku da Jugu na arewacin Jamhuriyar Benin a matsayin fagen misali. Dalilin da ya sa batun ya shafi ɗalibin harshe shi ne, kurakuran da suka fi lalata saƙon rediyo kurakuran harshe ne: raba kalma, furuci, ƙidaya, fassara, da kuma al'adar sakaya magana.

2.0 Su Wane ne Masu Rediyon Sha'awa?

Rediyon da aka fi sani a ƙasar Hausa shi ne na saurare, tasha ɗaya tana magana, dubban mutane suna ji. Akwai kuma wanda ake magana a amsa, irin na 'yan sanda da sojoji, wanda Bahaushe ya raɗa wa suna oba-oba saboda kalmar da masu shi ke yawan faɗa idan sun ƙare magana. Rediyon 'yan sha'awa yana cikin wannan rukuni na biyu. Masu shi mutane ne farar hula, malamai da likitoci da injiniyoyi da ɗalibai, waɗanda suka ci jarrabawa, hukuma ta ba su lasin, suka kafa tasha a gida don koyo da gwaji da hira da 'yan'uwansu na nesa. Ba a yarda su nemi kuɗi da shi ba, ba a kuma yarda su ɓoye ma'anar maganarsu ba.

Kowane mai lasin yana da laƙabin kira, haruffa da lamba waɗanda farkonsu ke nuna ƙasarsa. Na Benin suna farawa da TY, na Nijeriya 5N, na Nijar 5U, na Togo 5V, na Gana 9G. A Benin hukumar ARCEP ce ke kula da rabon zangunan rediyo. Masu wannan lasin ba su da yawa a ƙasar, shi ya sa ma ƙungiyoyin 'yan sha'awa daga Turai kan yi tattaki su kafa tasha ta 'yan makonni, duniya ta yi ta rububin samun magana da TY.

Dokokin rediyo na Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, sun keɓe wa 'yan sha'awa sashe na 25. A taron da aka yi a Janiba a 2003 an gyara sashen, aka fito fili da cewa tashoshinsu na iya ɗaukar saƙon wasu mutane daga ƙasa zuwa ƙasa a lokacin gaggawa ko aikin agaji, aka kuma kwaɗaitar da gwamnatoci su bar su su yi shirin irin wannan rana. Ba a daɗe ba aka ga amfanin hakan. Ranar 26 ga Disamba, 2004, lokacin da igiyar tsunami ta afka wa tsibiran Andaman na Indiya, akwai wata ƙungiyar 'yan sha'awa a birnin Port Blair a ƙarƙashin jagorancin Bharathi Prasad, sun je ne don nishaɗin magana da duniya. Da wayoyi suka yanke, sai tashoshinsu suka koma ɗaukar saƙonnin hukuma da na iyalai zuwa babban yankin Indiya.

3.0 Paraku da Jugu

Paraku ita ce hedikwatar jihar Borgu, kuma birni mafi girma a arewacin Benin. A nan titin jirgin ƙasa da ya taso daga Kwatano ya tuƙe tun shekarun 1930, daga nan manyan motoci suka gaji ɗaukar kaya zuwa Malanbil da Gaya. Babbar kasuwarta sunanta Arzeke, kalmar da Bahaushe ba zai rasa jin ƙamshin arziki a cikinta ba. Jugu kuwa hedikwatar jihar Donga ce, tana arewa maso yamma da Paraku, tazarar kimanin kilomita 130, kusa da iyakar Togo. Tsohon zango ne na fataken goro da ke zirga-zirga tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, kuma har yau akwai Hausawa a garuruwan biyu. A hukumance ana rubuta sunayensu Parakou da Djougou, bisa ƙa'idar Faransanci. Wannan bambancin rubutu zai sake tasowa a gaba.

Yankin mahaɗar harsuna ce. Faransanci ne harshen ofis. Dandanci ne harshen kasuwa a garuruwan biyu. Ga Batonu, harshen mutanen Borgu da ake kira Bariba, a kewayen Paraku. Ga Yom da Lokpa a kewayen Jugu. Ga Fulatanci da Yarabanci da Hausa. Saƙo ɗaya na iya ratsa harsuna uku kafin ya kai kunnen mai shi.

Kogin Weme, mafi tsawo a ƙasar, yana tasowa ne daga tsaunukan arewa da Jugu, hanyar Paraku zuwa Jugu kuma tana ƙetare shi a garin Beteru. A daminar 2010 Benin ta ga ambaliyar da ta shafi mutum kimanin 680,000 a ƙananan hukumomi 55 daga cikin 77 na ƙasar. Ranar 14 ga Maris, 2024 kuma, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Benin na cikin ƙasashen da abin ya fi shafa. Wayar salula ta dogara ne da turakun sadarwa, turakun kuma sun dogara da wuta da man janareta da layin da ya haɗa su da cibiya. Tashar ɗan sha'awa ba ta bukatar ko ɗaya daga ciki. Batirin mota da waya mai tsawon mita ashirin a rataye tsakanin bishiyoyi biyu sun wadatar.

Ƙaramin oba-oba na hannu ba zai haɗa Paraku da Jugu ba, domin muryarsa a miƙe take tafiya, doron ƙasa kuwa a lanƙwashe yake, ba ta wuce 'yan kilomitoci. Gajeren zango ake bukata. Akan saukar da eriya kusa da ƙasa yadda za ta cilla murya sama tsaye, muryar ta bugi wani rufi na sararin samaniya mai suna ayonosfiya, ta zubo kamar ruwan sama a kan kewaye mai faɗin ɗaruruwan kilomita. Da rana akan yi amfani da mita 40, da dare mita 80. Ƙungiyar 'yan sha'awa ta duniya, IARU, wadda aka kafa a Paris a 1925, ta ware wa shiyyar Afirka da Turai kilohaz 7110 da 3760 a matsayin matattarar gaggawa a waɗannan zanguna biyu. Illar ita ce, lokacin da aka fi bukatar rediyon, wato tsakiyar damina, shi ne lokacin da tsawa ke cika zangon da ƙara. Duk ƙa'idojin da za a bayyana a ƙasa an gina su ne a kan zaton cewa mai saurare zai rasa wani yanki na abin da aka faɗa.

4.0 Siffar Saƙo

A 1914 wani Ba'amurke mai suna Hiram Percy Maxim, mazaunin Hartford, ya so magana da wata tasha a Springfield, tazarar da ba ta kai kilomita 50 ba, na'urarsa ta kasa. Sai ya roƙi wata tasha a tsakani ta miƙa masa saƙon. Daga nan aka kafa ƙungiyar ARRL, wadda tun asali aikinta miƙa saƙo ne daga hannu zuwa hannu, kamar yadda ayari ke tafiya zango-zango. A 1949 ƙungiyar ta tsara cikakken tsarin tafiyar da saƙonni na ƙasa baki ɗaya. Fom ɗin da take amfani da shi, wanda ya gaji siffar talgiram, shi ne tushen mafi yawan waɗanda ake amfani da su yanzu.

Saƙo yana da sassa huɗu: goshi, adireshi, jiki, da sa hannu. A goshi ake rubuta lambar saƙo, matsayinsa, laƙabin tashar da ta fara karɓar sa, adadin kalmomin jikinsa, garin da ya fito, lokaci da kwanan wata. Jiki bisa al'ada ba ya wuce kalma 25. Ba a sa alamomin rubutu. Inda aya za ta zo akan sa harafin X, a ƙirga shi a matsayin kalma. Ga misali na koyarwa, a ɗauka wani jami'in lafiya ne a Paraku ke sanar da takwaransa na Jugu:

RUWA YA RUFE HANYA GABAS DA BETERU X MOTAR MAGANI BA ZA TA ISO YAU BA X A JIRA SAƘO GOBE 0700

Idan aka ƙirga za a sami kalma 22, har da X guda biyu da rukunin lambobi na ƙarshe. Wannan adadi shi ne mai gadin saƙon. Mai karɓa yakan rubuta kalma biyar a kowane layi, saboda haka da kallo ɗaya zai ga layi huɗu da kalma biyu. Idan ya sami 21, ya san wani abu ya faɗi a hanya, kuma ba zai ce ya karɓa ba sai an nemo shi.

4.1 Korewa da Raba Kalma

A nan ne ƙa'idar rubutun Hausa ke tashi daga darasin aji ta zama maganar rai da mutuwa. Korewa a Hausa sau da yawa gida biyu take: ba a farko, ba a ƙarshe. A ce tsawa ta haɗiye ba ta farko a misalin da ke sama. Abin da zai kai kunnen mai karɓa shi ne "motar magani za ta iso yau ba". Kunnen ɗan Adam ba ya son jimla gurguwa, sai ya gyara ta da kansa, ya yar da ba ta ƙarshe, ya rubuta cewa mota za ta iso yau. Likitan Jugu zai raba ɗan abin da ya rage masa na magani yana jiran motar da ba ta taso ba. Adadin kalmomi ne kaɗai zai tona wannan kuskure, 20 maimakon 22.

Amma adadin ba ya aiki sai mai aikawa da mai karɓa suna bin ƙa'idar rubutu ɗaya. Ƙa'ida ta ce a rubuta ba za ta a rarrabe, kalma uku. Mutane da yawa kan haɗe su wuri guda, su rubuta bazata, wadda ban da rage adadin da biyu, wata kalma ce dabam mai nufin abin da ya zo ba a shirya masa ba. Haka yana da tana da suna a haɗe ake rubuta su, za su da sun zo a rabe. Wanda ya saba rubuta ya na zai riƙa samun rarar kalma a kowane saƙo, a ɓata minti biyar ana neman kuskuren da babu shi, alhali wasu saƙonni na jiran layi. Shi ya sa mai aikawa ke furta kowace kalma ita kaɗai, da ɗan tsayi a tsakani: ba, za, ta, iso.

Misalin yana da wani aibi da aka bari da gangan. Kalmomin yau da gobe ba su da ma'ana sai an san ranar da aka furta su. Idan saƙon ya kwana a hanya, yau ta zama jiya, mai karɓa ba lallai ne ya duba kwanan watan da ke goshi ba. Abin da ya fi shi ne a sa ranar a cikin jiki, a ce ranar 14 ga wata. Haka ma bayan la'asar ko da hantsi ba su isa ba. Lambobi huɗu ake so, 1630 ko 0900. Benin da Nijeriya da Nijar agogonsu ɗaya ne, awa ɗaya gaba da agogon GMT, amma Togo da Gana suna kan GMT ɗin ne. Jugu kuwa ba ta da nisa da Kara ta Togo. Duk saƙon da zai ƙetare wannan iyaka sai an faɗi agogon da ake nufi.

4.2 Baƙaƙe da Lambobi

Idan kalma baƙuwa ce, ko suna ne, akan faɗe ta, a bi ta harafi-harafi, a sake faɗar ta. Ba a amfani da sunayen haruffa na makaranta, kuma a wannan yanki dalilin a bayyane yake. Wanda ya yi boko a Nijeriya idan ya ce "ji" yana nufin G, wanda ya yi lakwal a Benin idan ya ji "ji" zai rubuta J. Idan na farko ya ce "i" yana nufin E, na biyu zai rubuta I. Maganin wannan shi ne jerin kalmomin da jiragen sama ke amfani da shi tun 1956: Alfa, Bravo, Charlie, Delta, har zuwa Zulu. Jugu ke nan za ta zama Juliett, Uniform, Golf, Uniform.

Sai dai jerin ba a yi shi don Hausa ba. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Tsakanin kare da ƙare, ko kafa da ƙafa, ko bata da ɓata, ƙugiya ce kawai. "An kare rijiya" albishir ne. Idan aka ce ruwan rijiya ya ƙare, neman agaji ne. Masu aiki da Hausa na iya yin yarjejeniya tun kafin ranar bukata, a ce "Kilo mai ƙugiya", mai karɓa ya rubuta K da ɗan waƙafi a sama. Abin da ko ƙugiya ba ta warwarewa shi ne tsawon wasali da karin sauti, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa. A baki, gari na mutane da gari na tuwo ba sa rikicewa. A takarda kuwa ɗaya ne, kuma "ruwa ya ci gari" na iya tayar da jiragen ceto ko kuma buhunan masara. Mai rubuta saƙo shi ya kamata ya kauce wa kalmar tun farko, ya ce garin masara ko ya ambaci sunan ƙauyen.

Ga kuma rubutun Hausa da alƙalamin Faransanci, wanda ya zama ruwan dare a Benin da Nijar. Harafin c na Hausa, Bafaranshe tch yake rubuta shi. Sh kuma ch. U kuma ou. Mai karɓar da ya ga ya dace ya mayar da Chaibou zuwa Sha'aibu, ko Djougou zuwa Jugu, ya yi karambani, domin wataƙila sunan da ke kan katin asibiti ko takardar shaida shi ne na farkon. Yadda aka ba shi haka zai rubuta.

Lambobi sun fi komai saurin lalacewa. Biyu da biyar farkonsu ɗaya. Bakwai da takwas cikinsu ɗaya. Arba'in da saba'in, talatin da tamanin, duk sukan rikice cikin ƙara. A Faransanci abin ya fi muni: 97 ana faɗar sa ne kamar huɗu, ashirin, goma, bakwai, mai rubutu cikin sauri ya riga ya ɗora 4 kafin ya gane. Ƙa'ida ita ce a sanar cewa lamba na tafe, sannan a faɗe ta ɗaya-ɗaya: tara, bakwai. Ƙidayar kuɗi kuma tarko ce ta musamman. A ƙasashen sefa Bahaushe da dala yake ƙirga, dala ɗaya tana daidai da sefa 5, saboda haka dala ɗari sefa 500 ce. Jaka a Nijar sefa 1,000 ce, a Nijeriya naira 200. A saƙon gaggawa babu dala babu jaka, sai lamba da sunan kuɗin.

4.3 Wai, da Sauƙi, da Fassara

Hausa tana da wata ƙaramar kalma mai nauyi, wato wai. "Gada ta karye" shaida ce. "Wai gada ta karye" jita-jita ce. Mai miƙa saƙon da ya zubar da wai don ya rage kalma ya mayar da ji ya zama gani, kuma hukuma na iya karkatar da motocin agaji zuwa doguwar hanya a kan maganar da babu wanda ya tabbatar. Saƙo mai kyau yakan nuna wanda ya gani, da inda ya tsaya, da lokacin. Wannan ne ma amfanin sa hannu: suna da muƙamin wanda ya ɗauki alhakin maganar. Mai rediyo ba ya ƙirƙirar bukata da kansa. Idan asibiti na son jini, jami'in asibiti ne zai rubuta ya sa hannu, shi kuma ya aika.

Akwai kuma ladabin magana. Duk wanda aka tambaya jikin mara lafiya a ƙasar Hausa, amsarsa "da sauƙi", ko da kuwa ana karanta masa kalmar shahada. Wannan tarbiyya ce mai kyau a zaure, amma likitan da ke nesa zai ɗauke ta a zahirinta, ya tura motar asibiti wani wuri. Haka "mutane da dama", "ba laifi", "nan kusa". A jikin saƙo sai a ce mutum nawa, me ya same su, suna numfashi ko ba sa yi, kilomita nawa daga kwalta. Ta ɗaya ɓangaren, akwai inda sakayawar ta fi dacewa da aikin. Rediyon 'yan sha'awa a buɗe yake, duk mai akwatin gajeren zango na musamman yana iya ji. Ba a faɗar sunayen mamata a iska. Akan ba da adadi, a bar sanar da iyali ga hukuma ko dattawan da za su je ƙafa da ƙafa.

Fassara ce babbar jarrabawa a hanyar Paraku zuwa Jugu. A ce wata mata ta kawo saƙo da Dandanci, mai tashar farko Hausa ta fi zama a bakinsa, na biyu Faransanci, wanda za a kai wa kuma Yom yake ji. Idan kowa ya fassara a nasa zangon, an yi fassara uku, adadin kalmomi ya tashi daga aiki tun a zangon farko, kuma idan kuskure ya fito babu yadda za a san inda ya shiga. Hanyar da ta fi aminci ita ce a fassara a bakin ƙofa kawai: ko dai kafin saƙon ya shiga iska, a karanta wa mai shi ya amince, ko kuma bayan ya fita, a miƙa fassarar tare da asalin. A tsakani harshe ɗaya zai riƙe. Mai miƙawa ba dole ne ya ji harshen ba. Sau da yawa ma wanda ba ya jin harshen ya fi kwafar sa daidai, tunda ba shi da abin da zai gyara.

5.0 Tsarin Magana a Iska

Idan tashoshi sun taru a zango ɗaya, guda ce ke jagoranci, kamar madugu a ayari. Ita ke kiran suna, ita ke ba da izinin magana, ita ke tsara wanda zai riga wani. Saƙonni matsayi huɗu ne a tsarin ARRL. Na gaggawa shi ne wanda rai ya rataya a kansa. Na biye masa shi ne muhimmi mai ƙayyadadden lokaci. Sai na tambayar lafiyar dangi ko sanar da ita, sai na yau da kullum. Kowa gani yake nasa ne na gaggawa, kuma idan aka bari kowa ya sa wa nasa wannan suna, kalmar ta mutu.

Gaisuwa ma sai an taƙaita ta. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, duk sai a ajiye su zuwa bayan aiki, abin da kan yi wa sabon shiga nauyi ƙwarai. Amma taƙaita gaisuwa ba ya nufin sauri a karatun saƙo. Sauri kan haifi nawa: wanda ya karanta kalma 22 cikin daƙiƙa goma zai maimaita su sau uku. Dabarar da ake koya wa mai aikawa ita ce ya riƙa bin kalmomin da yatsa kamar yana rubuta su, don ya yi tafiya daidai da alƙalamin mai karɓa. Idan mai karɓa ya rasa wani wuri, ba ya cewa a sake duka. Cewa yake a ba shi kalmar da ke bayan magani, ko abin da ke tsakanin Beteru da iso. Sai adadi ya yi daidai sannan ya ce ya karɓa, kowannensu ya rubuta a kundinsa lambar saƙon, daga wa, zuwa ga wa, da ƙarfe nawa.

6.0 Zangon Ƙarshe

Saƙon da ya iso tashar Jugu bai isa ba tukuna. Akwai sauran tafiya daga teburin mai rediyo zuwa hannun mai shi, kuma a nan saƙonni da yawa ke kwana. A unguwannin zango lambar gida ba ta cika aiki ba, mutum goma kuma na iya amsa suna ɗaya. Adireshin da zai yi amfani shi ne mai ɗauke da sunan mutum da na mahaifinsa, laƙabinsa ko sana'arsa, unguwa, da wata alama kamar masallaci ko famfo. Tashar farko ce ya kamata ta tatso wannan bayani tun mai saƙon na tsaye a gabanta, don bayan ya tafi ba a san inda za a same shi ba.

Daga nan sai ɗan acaba, wanda a Benin ake kira zemijan, ko mai unguwa, ko lasifikar masallaci, ko gidajen rediyon al'umma masu watsa shiri da Dandanci da Yom da Fulatanci idan sanarwa ce ta kowa da kowa. Ko wanne aka bi, takarda ake ba shi, ba a ba shi a baki. Idan an nemi mai saƙon an rasa, ba a yar da takardar, ba a kuma ajiye ta ana jiran ya zo. Tashar Jugu za ta rubuta sabon saƙo zuwa Paraku, da tasa lambar da nasa adadin kalmomin, ta ce saƙo mai lamba kaza bai isa ba, an je unguwa kaza da ƙarfe kaza, maƙwabta sun ce iyalin sun koma makarantar firamare da aka sauke waɗanda ruwa ya kora, a aiko da ƙarin bayani.